Ranar da Na Sa Aminiyata a Fim

Aminiyata, wadda muka tashi tare a Zangon Agege da ke Legas, ta taɓa yin wani saurayi mai mota. Don kada ya raina ta, sai ta ce masa a GRA ta Ikeja take. Kullum sai ya sauke ta a ƙofar wani katafaren gida, ta tsaya tana ɗaga masa hannu har ya sha kwana, sannan ta tattare lafayarta ta bi danfo, bas ɗin haya, a guje. Wata 3 ana haka. Ranar da dubunta ta cika, maigadin gidan ya leƙo, ashe mutumin garin babanta ne. A gaban saurayin ya ce, "A'a! Ba ke ce 'yar Malam mai awo ba? Lafiya dai ko?"

Tana kuka ta ba ni labarin, na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Kuma ban faɗa ba. Fim na yi.

Da wayata muka ɗauka, minti 12. Na ɗauko wata yarinya daga Idi-Araba ta fito a matsayinta, ƙanena ya zama maigadi da gemun auduga. Suna kuwa na canza, amma don rashin wayo harafi ɗaya kawai na taɓa. Na ɗora a YouTube ina jin kaina wata babbar daraktar Kannywood.

Kwana biyu sai ga ta, ko sallama babu. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri.

"Ƙawas," in ji ta, "tonon asirin ban damu ba, ai har Umma ta gani ta yi dariya. Amma wannan ce ni? Yaushe na taɓa sa atamfar roba? Kuma wa ya ce miki haka nake gudu, kamar agwagwa?"

Wallahi haka take gudu. Na dai yi shiru.

Sai ta nemi kasonta na riba. Na nuna mata cewa ko kuɗin burodin Agegen da 'yan wasa suka ci bai dawo ba. Ta gyaɗa kai, ta karɓi lambar yarinyar Idi-Araba.

Jiya ƙanena ya tambaye ni, wai ranar da na zame a kasuwar Mile 12 na zauna daɓas cikin kwandon ruɓaɓɓen tumatir, wace kalar hijabi na sa? An ba shi matsayin mai tumatirin.