Yadda Na Gaji Marayan Laburare

Akwai wani laburare da muka daɗe muna fitar da rasit da shi a manhajar da nake kula da ita. Ba na littattafai ba, irin namu na masu rubuta manhaja: kod ne da wani bawan Allah ya rubuta ya saki a intanet kyauta, kowa ya ɗauka ya jona da nasa. Ni na ɗauko shi da hannuna tun ina sabon shiga, kuma ya yi mini rana. Shi ya sa duk wanda ya ce a canza shi, sai in ji kamar ya taɓa mini dangi.

Aibinsa ɗaya: Python 2 kaɗai ya sani, wato tsohon zubin Python, yaren da ake rubuta manhaja da shi. Python 3 kuwa ya fito tun Disambar 2008. Da farko aka ce a 2015 za a sallami tsohon, daga baya aka ɗaga zuwa 1 ga Janairun 2020. Ɗagawar nan ita ta sangarta ni. Na ce ai wanda ya ɗaga sau ɗaya zai ƙara. Ba su ƙara ba.

Daga nan, duk sanda na kira pip, wato ɗan aiken da ke sauko da laburare a Python, don ya sauko mini da wani abu, sai ya fara yi mini ta'aziyya, wai Python 2.7 ya riga mu gidan gaskiya. Na bincika yadda ake rufe masa baki, na rufe. A Janairun 2021 sabon pip ya daina kula Python 2 gaba ɗaya, ni kuma na ɗaure tsohon pip a turke, na ce ba inda za ka.

Sai faci ya fara. Wani mai ƙ a sunansa ya biya kuɗi, laburaren ya ga harafin ya sume. Na kwafe shi zuwa shafina na GitHub, dandalin da masu manhaja ke ajiye kod, na yi masa faci. Wata biyu bayan haka mai ɗ ya zo. Kafin in ankara faci ya kai goma sha bakwai, wasu ma ban tuna dalilinsu ba. Akwai wanda na rubuta a samansa: "Kada a taɓa, ni ma ban san me ya sa yake aiki ba."

Wata yarinya da aka ɗauka aiki a sashenmu ta leƙa ta ce, "Malam, wannan fa mai shi ya yi shekaru bai waiwaye shi ba."

Na gyara zama na ce, "Da tsohuwar zuma ake magani."

"To Malam, cikin ayyukan da yake yi, guda nawa muke amfani da su?"

Na ce mata tambaya ce mai kyau, na tashi na fita kamar ana kira na a waya.

Asirina ya tonu ranar da aka ce za a kashe tsohuwar saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, sabuwar kuma babu Python 2 a cikinta. Na kwana ina juya laburaren da 2to3, manhajar da ke mayar da kod ɗin Python 2 ya zama na Python 3. Da asuba ya tashi, har na yi wa kaina tafi. Abin da na manta shi ne, a Python 2 idan ka raba 5 da 2 zai ba ka 2, a Python 3 kuwa 2.5 ne. Shi kuwa laburaren, da rabawa yake ƙirga shafuka. Kafin azahar shugabanmu ya turo mini hoton wani rasit, a ƙasansa an rubuta "Shafi na 1 cikin 2.5", ya tambaye ni ina rabin shafin ya shiga. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Da abin ya ishe ni, na lalubo imel ɗin wanda ya rubuta laburaren, na kai masa ƙorafi cikin ladabi. Ban zaci zai amsa ba. Ya amsa da murna. Ya ce shi kansa ya daɗe da komawa wani laburaren, bai san akwai sauran mai amfani da wannan ba. Ya ce ya ga faci-facina, na burge shi, don haka ya sa sunana a matsayin mai kula da shi daga yau. Na je kai ƙara, na dawo da maraya a goye.

Washegari na kira yarinyar, murya ƙasa-ƙasa, na ce, "Ɗiyata, tambayar nan taki ta kwanaki, kin samo amsa?" Ashe ta daɗe da ƙirgawa. Uku ne. Ayyuka uku kacal nake gadi shekara da shekaru. Cikin kwana biyu ta maye gurbinsu da wani laburare mai rai, wanda ya san ƙ da ɗ ba tare da an roƙe shi ba. Ba ta ce mini komai ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Makon jiya saƙo ya shigo daga wani da ban sani ba. Wai laburarena ya ƙi tashi a kwamfutarsa, yaushe zan gyara? Har da faci biyu ya haɗo, kuma masu kyau ne. Na yi murmushi, na jawo kujera, na fara rubuta masa: "Ɗan'uwa, gaskiya himmarka ta burge ni..."