Masana abinci, ku sauko kasuwar Garwa ku bar mana takardar Turai

Takarda guda ɗaya ce ta ɓata min rai makon jiya. Gwaggona da ke zaune nan Garwa, a arewacin Kamaru, ciwon suga ya kama ta, aka kai ta wani asibiti, da likita ya gama sai aka tura ta wajen masaniyar abinci, waɗanda ake ce wa diyetetisiyen. Ta dawo da takarda an buga ta tsaf har da hoton koren ganye a sama, wai tsarin abinci mai kare lafiya da muhalli. Na karanta mata: burodi mai dusa da safe, tuffa ɗaya, man zaitun cokali biyu, madarar waken soya ta kwali, nama kuma a rage shi saboda ɗumamar yanayi. Ta saurara har na kai ƙarshe sannan ta ce, "To ɗan nan, tuwon fa? Ko shi ma an hana ni ne?" Babu tuwo a takardar, babu kuka, babu kuɓewa, ko wake babu. Naman da aka ce ta rage kuwa, matar nan in ta ga tsoka a miya sau biyu a sati to an yi suna a maƙwabta.

Na san inda zancen ya samo asali, duk mai bin labarai ma ya sani. Tun da kwamitin masana abinci da muhalli na duniya mai suna EAT-Lancet ya fitar da rahotonsa a 2019 ya ce jan nama ya tsaya wajen giram 14 a rana, ga kuma lissafin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, na 2013 cewa kiwo ne ke fitar da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, shikenan aka samu abin haddacewa, kowane taron bita a otal sai an haska shi a bango kafin a raba ruwan gora da kuɗin zama. Ni ban ƙaryata lissafin ba. Amma da wa ake? Masu rahoton da kansu sun nuna mutanen Arewacin Amurka na cin jan nama sama da ninki 6 na abin da suka ƙayyade. Mu kuwa binciken lafiya na ƙasa na 2018 cewa ya yi kashi 29 cikin 100 na yaran Kamaru 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma jihar Arewa da Arewa Mai Nisa sun fi haka muni. Wanda ya ƙoshi ake cewa ya janye hannu daga akushi. Ka je Mora ko Kusiri ka ce wa mai goyo ta rage nono da ƙwai don ceton duniya, wallahi wannan ba ilimi ba ne, kwafe ne kawai.

Ita ma saniyar an yi mata kuɗin goro. An haɗa wadda aka sare dajin Amazon don a yi mata makiyaya, da wadda ke ɗaure a Turai tana cin waken soya da jirgi ya kawo, da ta Bororon Adamawa mai cin ciyawa da karan dawa bayan girbi tana barin taki a gona. E, ita ma tana fitar da iskar methane mai ɗumama duniya, in ma lita-lita za a lissafa tata ta fi yawa don nononta kaɗan ne, ban ɓoye ba. Amma in an raba yaro da kindirmo me zai maye gurbinsa? Garin madarar nan na buhu da ake aunawa a ƙulla a leda, wanda a Turai aka cire masa mansa aka zuba na kwakwar manja saboda araha, ya keto teku zuwa Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sannan tirela ta ƙaraso da shi. Shi ne mai kare muhallin?

Abin da ya fi ci min rai shi ne abincin da suke yawon nema a littafi yana nan a bayan gari. Duk wanda ya bi hanyar Marwa a watan Disamba ya ga masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwari, 'yan Cadi kuma berbere. Ana yafa iri tun damina na ƙarewa, ruwa na janyewa daga baƙar lakar nan ta karal sai a huda rami da turda, a zuba ɗan ruwa, a dasa. Daga nan babu ruwan sama, babu injin ban ruwa, babu fetur, danshin da laka ta riƙe shi za ta sha har a yanke ta wajen Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus, karanta kuma ya ciyar da shanu a tsakiyar rani. A kawo min wani hatsi a duniya da ya fi wannan dacewa da zancen da suke yi. Ga wake mai gyara ƙasa, ga kuka da zogale da tafasa da yakuwa waɗanda ake shanyawa a rana ba firij ba lantarki. A Cadi matan Kanembu sun daɗe suna tace dihe, wata koriyar gansakukar ruwa, a tafkunan kanwa na Kanem suna miya da shi, shi ne yau ake sayarwa a kwalba da sunan spirulina da tsadar tsiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, mu da muka gaji geron muka wuce ta kamar ba da mu ake ba.

Cutar da ke cikin tukunyarmu a birni daban take, kuma takardar Gwaggo ko kallonta ba ta yi ba. Farar shinkafar Indiya da Tailan safe da dare alhali ga ta Yagwa da Maga, burodi da taliya da fanke na fulawar da muka ga yadda tsadarta ta yi da mu a 2022 da yaƙin Yukren ya ɓarke, lemon kwalba a hannun yaro ɗan shekara uku, dunƙule biyar shida a tukunya ɗaya har an mance ƙamshin daddawa, bayan hukumar lafiya ta duniya WHO ta ce gishirin yini kar ya kai giram 5. Hawan jini da suga daga nan suke. Ledar da aka ƙullo su kuma, wadda gwamnati ta ce ta hana tun 2014, ita ce ke toshe kwalbati ta kuma cika tumbin akuya, tambayi kowane mahauci.

Akwai masu cewa zancen muhalli surutun Turawa ne bai shafe mu ba, su sai su je Yagwa su faɗa wa waɗanda ambaliyar 2024 ta raba da gidajensu. Masu cewa tuwon dawa wahalar surfe da niƙa gare shi kuma, kamar ba injin niƙa a kowace unguwa.

Ban ce Gwaggo ta zauna ta share malmala uku ba, tuwon dawa ma yana ɗaga suga, kuma nan ne fa aikin masanin yake. Ya gaya mata malmala nawa, girman yaya, da dusa ko ba dusa, miya ludayi nawa, furar a dama ta ba sukari, kunun gyaɗa yaushe. Muna da makarantar ENSAI a Ngaundare inda ake karantar da kimiyyar abinci, muna da cibiyar binciken noma ta IRAD a Garwa da Marwa, su zauna su auna abincinmu su fitar da takarda da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa. Asibitoci da makarantun kwana su sayi dawa da wake a hannun manoman da ke kewaye da su. Duk ɗalibin da zai karɓi shaidar zama diyetetisiyen a tura shi kasuwa da sefa dubu ɗaya ya yi cefanen mutum takwas tukuna.

Na tambayi kuɗin tuffa ɗaya a bakin titi, ya kusa sayen kukar miyar sati. Gwaggo dai ta ninke takardarta ta cusa ƙarƙashin katifa tare da katin asibiti, ranar Alhamis za mu koma, kuma ta ce da ƙullin garin dawarta za ta je a auna mata a gabanta.