Ba Alhaji ne ya ƙara kuɗin ba, hanya ce

To, an gama? Kowa ya tura bidiyon yaron nan da ya tsare wani Alhaji mai kanti a nan Maradi kan tsadar kaya, kowa ya zagi dattijon, har an ce a rufe masa kanti. Madalla. Sai mu kwana mu tashi mu ga ko katon ɗin taliya zai sauko don wani yaro ya ɗaga waya a gaban rumfar sa'an ubansa yana kiran shi ɓarawo.

Yaron bai dame ni ba, ƙuruciya ce ke ɗibar shi. Waɗanda suka ɓata mini rai su ne manyan da suka bi sahu suna "Allah ya isa", har da masu boko, waɗanda in ka tashe su daga barci za su zana maka taswirar Afirka ta Yamma. An bar jaki ana dukan taiki.

Jama'a, a hanya ake yanke kuɗin kaya, kanti wurin biya ne kawai. Nijar ba ta da teku. Duk kwantenar da ta taso daga Sin ko Dubai ko Turkiyya sai ta sauka a tashar wasu, sannan a ɗora ta a kamyo. Shekara da shekaru tashar Kwatano ta ƙasar Benin ce ƙofarmu: Faraku, Malanbil, a haye gada zuwa Gaya, a hau Doso, a karya gabas ta Dogon Dutsi da Ƙonni da Gidan Rumji, sai gida. Kayan Maradi ko leƙa Yamai ba su yi. Sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya zo, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, aka toshe gadar. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata gefen, namu aka bar shi a rufe. Kaya suka koma Lome. Yanzu kamyo zai ratsa Togo tun daga bakin teku har Sinkase, ya shiga Barkina Faso, ya bi Kaya da Dori da Tera kafin ya ga Yamai. Daga Yamai kuma akwai sauran kilomita wajen 660 kafin Maradi. Kuma a tsakanin nan ba ka tafiya don ka shirya. Sai an tara motoci ɗaruruwa, sai soja sun shirya rakiya, domin hanyar ta ci direbobi ba ɗaya ba, ba biyu ba. Jiran ayarin kaɗai yana cinye makonni.

Wa ke biyan makonnin nan? Kamfanin jirgin ruwa yana ba ka 'yan kwanaki kyauta ka mayar masa da kwantenarsa, suna ƙarewa ya fara ƙirga maka kuɗi kullum, babu ruwansa da soja ko ayari. Tasha tana da nata kuɗin ajiya. Mai fitar da kaya yana da nasa, duwan na da nata. Mai mota da a da yake sawu biyu ko fiye a wata, yau da ƙyar yake samun ɗaya, kuma bashin motar bai daina tafiya ba, ku ce mini kada ya ƙara kuɗin dako? Jarin Alhaji kuwa yana kwance cikin akwatin ƙarfe a wani fili a ƙasar mutane, bai juya ba, bai haifi ko dala ba. Duk wannan a kan katon ɗin nan yake sauka. Hanya ce, malam. Hanya.

In kuna son ganin inda kuɗinku ya tafi, ku bar kanti, ku je inda manyan motoci ke sauke kaya. Ku dubi ƙarƙashin kamyo: murhun gawayi a ɗaure da waya, tukunya ta yi baƙi ƙirin, gidan sauro a rataye tsakanin tayoyi, tabarmar da aka yi sallolin da ba su ƙirguwa a kanta. Ku dubi tamfol ɗin da rana ta cinye launinsa. Ku ce wa direban ya buɗe jakar takardunsa, ku ga hatimi a kan hatimi na ƙasa uku, kowane da abin da aka ajiye kafin a buga shi. Karen motar da ya bar gida da ƙiba, ku ga yadda ya dawo. Shi ma ɓarawo ne?

Na san abin da za a rubuto. "Ai akwai masu ɓoye kaya." Akwai, tun zamanin kakanninmu akwai, a kama su. Amma mai ɓoyewa ba ya cin riba sai kaya sun yi ƙaranci, kuma me ya kawo ƙarancin? "Ai an rage kuɗin gazuwal." Gaskiya ne, a Yuli 2024 lita ta sauko daga sefa 668 zuwa 618. To motar da ke tsaye a layi mai take sha? Kwana take ci. "Ai maganar tsaro ce." Ban ce a buɗe gada gobe ba, masu mulki sun san abin da suka gani. Cewa na yi abin yana da tsada, kuma mu ke biya, a faɗa a fili a daina jingina wa mai kanti. Ɗanyen man ƙasarmu na Agadem yana bin bututu mai kusan kilomita 2,000 ta cikin Benin ɗin nan har Seme a bakin teku, jirgin ruwan farko ya yi lodi tun Mayu 2024. Mai ya samu hanya ta ƙarƙashin ƙasa, taliya ce aka bari da zagaye.

Abin dariyar ma, ga hanyar Najeriya ta Ɗan Isa nan a bakin ƙofarmu, ga Jibiya, ga Katsina da ba ta kai kilomita 100 ba. Gyaɗar kakanninmu ta Kano take bi ta hau jirgin ƙasa zuwa Ikko. Yau Kano tana da tashar tsandauri (ta sauke kwantena nesa da teku) ta Dala tun 2023, Funtuwa ta samu tata a 2024. Layin dogon Kano zuwa Maradi, kilomita 284, Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu 2021, kamfanin Mota-Engil ke yi, a kan kusan dalar Amurka biliyan 2. Maganar da ta cancanci bidiyo ke nan: ina aka kwana, kuma mu me muka tanada na karɓar kaya ranar da jirgin zai iso? Ba wai na manta da Agusta 2019 ba, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka har Disamba 2020 muka sha wuya. Shi ya sa garin da ke cin abinci da fatauci bai kamata ya dogara da ƙofa ɗaya ba. Amma ina! Zagin Alhaji ya fi sauƙi, ba ya buƙatar karatu.

Wallahi ni ma tsadar nan tana cizona. Ni ma ina tsayawa gaban kanti in ƙirga abin da ke aljihuna in rage cefane. Amma dattijon nan da kuka wulaƙanta, irinsa ne ke ba magidanci buhun shinkafa bashi har ƙarshen wata ba tare da takarda ba. Ƙanena, in saƙon nan ya iso gare ka, je ka durƙusa ka ba baba haƙuri, ka goge abin nan.

Af, tunda maganar manyan motoci ake: ku da kuke ajiye kamyo da daddare a gefen kwaltar hanyar Ɗan Isa, babu fitila, babu alama sai reshen bedi da aka yar a ƙasa, don Allah ku ji tsoron Allah. Masu babur ba su ganin reshen bedi cikin duhu. Filin da za a yi muku gareji na gaske bai gagari garin nan ba, kuma kafin a yi, fitilar hannu ɗaya jaka nawa ce?