Wat Dubu Biyar a Cikin Bokiti

Saura kwana tara bikin ƙanwata na shigo layinmu da amfilifaya a kafaɗa, ina taku kamar wanda ya ci zaɓe. Ta hannu ce, a wajen masu kayan sauti na Sabon Gari na samo ta, kuma a goshinta an manna takarda mai ƙyalli: 5000W PMPO, wato wai ƙarfinta ya kai wat dubu biyar. Na riga na cika baki a gaban dangi cewa ba za a ɗauko hayar mai kiɗa ba ranar kamu, ni zan riƙe komai, kuɗin hayar a ƙara a na shinkafa.

Kafin in shiga gida na tsaya rumfar Baba mai gyaran rediyo, wanda ya fi shekara talatin yana shaƙar hayaƙin dalma a bakin layin nan. Ba shawara na je nema ba, yabo na je karɓa. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya jinjina kamar mai tayin kaza, sannan ya juya bayanta ya zaro fiyus ya kanga a haske.

"Malam, karanta mini, idona ya yi rauni."

Na ce, "Amfiya 3, Baba."

"Wutar gida kuma bolt 220. Kai ne malamin lissafi, nawa ke nan?"

Na ce wat 660.

"To abin da ke iya shiga cikinta ke nan gaba ɗaya. Abin da bai shiga ba, ta ina zai fito?"

Na yi shiru. A raina na ce tsufa ne, ba ya son ci gaban zamani. Shi kuwa sai ya koya mini gwajin ƙarfin amfilifaya da suke yi da hita a madadin sifika idan ba sa son tashin unguwa. Ya ce hitar dafa ruwa mai wat 1000, wayar da ke cikinta tana da kusan om 48, om kuwa ma'aunin yadda abu ke tare wa wuta hanya ne. In ka haɗa guda shida kai da kai, gindi da gindi, sun zama om 8, daidai da abin da ake rubutawa a jikin sifika. Ka tsoma su a bokitin ruwa, ka jona a bayan amfilifaya, ka saka mata sauti guda mara canzawa, ka auna da mita. Ya ƙara da cewa in nemi ƙugin nan mai bugu 50 a daƙiƙa, don ƙaramar mitata da wutar gida aka saita ta, in na ba ta siririn sauti ƙarya za ta yi mini.

Samun hita shida a lokacin hunturu ba ƙaramin aiki ba ne. Gida biyar na shiga da sallama. Wata maƙwabciya ta tambayi uwargida a asirce ko haihuwa aka yi ba a gaya musu ba, tunda wankan jego kaɗai ta sani yana cin ruwan zafi haka.

Da la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, bokiti a gabana, yara sun yi da'ira. Na kunna, na fara murɗa maɓallin ƙara a hankali. Tsit kake ji, don hita ba ta waƙa. Mita ta hau bolt 10, ta hau 15, tana kaiwa 20 jar fitilar gaban amfilifaya ta fara ƙiftawa, alamar ta kai maƙura. Na ɗauko alli na buga a ƙasa: bolt 20 sau 20, a raba da om 8. Wat 50. Na goge na sake. Wat 50 dai. Sifili biyu sun ɓace tsakanin Sabon Gari da gidana.

Uwargida ta tsoma yatsa a bokitin bayan kusan minti goma, ta ce, "Malam, wannan dubu biyar ɗin taka ko kokon yaye ba za ta dama ba."

Wannan maganar ce ta jawo komai. Na ce ai hita ba sifika ba ce, kuma a nan gaskiya na faɗa, sai dai ban san gaskiyar a kaina za ta ƙare ba. Hita lafiyayyen jaki ce, nauyinta ɗaya daga farko har ƙarshe. Sifika kuwa om 8 ɗin da ke jikinta suna ne kawai. Nauyin da take ɗora wa amfilifaya yana hawa yana sauka gwargwadon sautin da ke wucewa, a wani wurin ya haura sosai, a wani wurin ya faɗo ƙasa da abin da aka rubuta. Ni a lokacin abin da na fahimta shi ne, ƙarin sifika ƙarin ƙara.

Ina da guda biyu. Na aro ta uku a wajen surukina, babban akwati da yake sauraron karatu da shi tun kafin in auri 'yarsa. Sai da na durƙusa na yi gaisuwa mai tsawo kafin in iya faɗin abin da ya kawo ni. Ta huɗu ta mai shayin bakin titi ce, sifikar mota da ya kafa a cikin tukunyar ƙasa don ta ƙara ƙugi. A bayanta an rubuta om 4. Na gani da idona. Na murɗe wayoyin duka huɗun wuri ɗaya na cusa a gefe guda na amfilifaya, don ɗaya gefen ramin wayarsa ya yi sako-sako. A wurin ma akwai rubutu ƙanana, kada a sauka ƙasa da om 4. Shi ma na gani.

Minti biyun farko, wallahi na ji daɗin duniya. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, jeren tangaran ɗin uwargida na ta kaɗa haƙora a kabad, kaji suka watse, yara na ihu. Na dube ta na ce, "Yanzu fa?" Ban rufe baki ba sauti ya ɗauke. Fiyus ya tsinke.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce fiyus ɗin ne ɗan jabu. Na yanko zaren waya na naɗa masa, na mayar, na kunna, na murɗa har ƙarshe.

Abin da na fara ji wari ne, kamar an jefa silifas a murhu. Sai wata ƙara, fat! Fatar sifikar surukina ta turo waje ta tsaya cak, kamar kumatun mai busa algaita, kuma ba ta koma ba. Farin hayaƙi ya taso ta ramukan amfilifaya, wani ya biyo ta bakin tukunyar mai shayi. Na kai hannu zan ja ta, na dafa ƙarfen da ke shanye zafi, har yau akwai layi uku a tafin hannuna. Ƙaramin ɗana kuwa, da ya ga hayaƙi, ya yi abin da aka koya masa: ya kinkimo bokitin hita ya sheƙa mata. Allah ya taimaka babbar yayarsa ta riga ta fizge soket.

Washegari na kai wa Baba gawar a buhu. Bai yi dariya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Alli ya miƙo mini.

"Uku masu 8, ɗaya mai 4. Tara mini, Malam."

Ɗaya bisa takwas sau uku, da ɗaya bisa huɗu, biyar bisa takwas. A kifa shi, om 1.6. Irin lissafin da nake dukan tebur a kansa a aji shida. Bolt 20 a kan om 8 amfiya biyu da rabi ne. A kan om 1.6 sai ta nemi sha biyu da rabi, ninki biyar, kafin ma a zo inda om ɗin sifikun ke ƙara sauka da kansa. Taransistocin da ke tura wuta zuwa sifiku suka yi zafi suka haɗe, wutar cikin amfilifaya ta zarce kai tsaye ta dafa wayar cikin sifiku.

Baba ya ciro taransisto guda, an rubuta 2SC5200, ya fasa ta da filaya ya nuna mini cikinta. Ɗan abin da ke aikin bai fi ƙwayar gero ba. Ya ce ta asali ta ninka wannan, wani ya taɓa gyara ta da jabu. Na yi farat na ce, "Ashe ba laifina ba ne!" Ya ce, "Da ta asali ce, da ta ƙara maka minti ɗaya."

Ranar kamu masu kalangu aka kira, kuma kuɗinsu daga aljihuna ya fita. Sifikar surukina an sake mata naɗi, na mayar da daddare na ajiye a zaure. Da muka haɗu ya ce, "Malam, tun da ta dawo daga wajenka mai karatun kamar yana mura." Na sunkuyar da kai na ce sanyin bana ne, Baba.

Mai shayi bai karɓi kuɗi ba. Ya ce tunda ni na kashe masa rediyo, ni zan riƙa karanto wa teburinsa labarai daga wayata kullum bayan isha'i har ya samu wata. Yau kwana ashirin da uku. Jiya wani direba ya ce in ƙara murya, na baya ba sa ji.