Waƙar da kowa ya iya, amma ba kowa ya san masu ita ba

Duk wanda ya saba zaman gidan kallon ƙwallo ya san sautin nan. Ana jefa ƙwallo a raga sai ka ji filin wasa ya ɗauka baki ɗaya: "Oo, o-o-o-o, oo, oo." Amma ka taɓa na kusa da kai a benci ka tambaye shi waƙar waye, zai ce maka ta Bayern Munich ce, ko ya ce ta UEFA ce. To, ba ta ko ɗayansu ba ce. Sunanta "Seven Nation Army", kuma mutum biyu ne kacal suka yi ta, Jack White da Meg White, 'yan birnin Detroit a Amurka, masu ƙungiyar kiɗan rock da ake kira The White Stripes. Shi yana kaɗa jita yana waƙa, ita tana kan ganguna. Babu na uku.

Abin da ya sa na kawo zancen shi ne raini da nake yawan gani ana yi wa kiɗa mai sauƙi. Wasu gani suke sai waƙa ta cika da kayan kiɗa da kwalliyar situdiyo kafin ta amsa sunanta. Tarihin wannan waƙar ya ƙaryata su.

Jack ya samo sautin ne a 2002 a birnin Melbourne na Ostareliya, yana gwajin kayan sauti kafin wasa. Sautuka bakwai ne a jere, iyakarsu ke nan. Da farko ma ajiyewa ya so yi, ko wata rana a neme shi ya yi wa fim ɗin James Bond waƙa. Da ya ga kamar hakan mafarki ne sai ya yi amfani da abinsa. Ikon Allah, a 2008 sai ga shi an neme shi ɗin, ya yi musu wata daban tare da Alicia Keys. A Landan Jack da Meg suka naɗi "Seven Nation Army", a situdiyon Toe Rag mai tsofaffin na'urori, ba tare da kwamfuta ba, ta fito a 2003 cikin kundin Elephant. Wannan kauri da kake ji a farkonta ma ba jitar bes ba ce, jita ce ta yau da kullum aka bi da ita ta wata 'yar na'ura mai saukar da sauti ƙasa. Kamfanonin da ke sayar musu da faifai ba ita suka so a fara fitarwa ba, Jack ne ya kafe. Ta ci lambar yabo ta Grammy a 2004, amma a jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka ba ta wuce lamba 76 ba. Da rediyo kaɗai aka bar wa ita, da yau sai masoya rock ne ke tuna ta.

'Yan kallon ƙwallo ne suka ɗaga ta. A Oktoban 2003 magoya bayan Club Brugge ta Beljiyam suka bi ƙungiyarsu zuwa birnin Milan don wasan Gasar Zakarun Turai. Suna zaune a wata mashaya kafin wasa aka sa waƙar, suka kama bin sautin da baki, suka shiga filin wasa na San Siro da shi. AC Milan ce ke riƙe da kofin a lokacin, amma Brugge ta doke ta 1-0, ɗan ƙasar Peru Andrés Mendoza ne ya ci. Ka san ɗan ƙwallo da camfi. Abin da aka rera ranar nasara ba a yar da shi. Suka koma gida da shi, ana sa shi duk sanda suka ci. A Fabrairun 2006 Roma ta je ta doke Brugge 2-1 har gida, magoya bayanta suka tafi da maki, suka haɗa da waƙar. Kafin bazara, waƙar ta cika Italiya, ana ce mata "po-po-po". Ranar 9 ga Yulin 2006 a Berlin, daren da Zidane ya tunkuyi Materazzi, Italiya ta ɗauki Kofin Duniya, titunan Roma suka kwana suna rera ta. Daga nan aka ji ta a Euro 2008, aka ji ta a Kofin Duniya na Rasha a 2018.

Me ya sa ita, ba wata ba? A ganina amsar tana cikin abin da ake raina ta dominsa. Sautin yana tafiya a hankali, yana saukowa ƙasa, ba ya neman murya mai zaƙi, ba ya neman ka iya Turanci. Ɗan Beljiyam da ɗan Italiya da ɗan Kano duk baki ɗaya za su buɗe. Gangar Meg kuma, wadda har yau wasu ke cewa ba ta iya kiɗa ba, bugu ne ɗaya bayan ɗaya kamar takun ƙafa, kuma shi ne daidai abin da dubban mutane za su iya bi da tafi ba tare da sun sarƙe ba. Da ta yi ta gwaninta da sanduna, da an tsaya kallonta maimakon a bi ta. Ni kam ina ganin barin abin da ba a buƙata ya fi ƙara shi wuya. Haka waƙoƙin gaɗa suke a wurinmu: babu mai tambayar wace ce ta fara, amshin ne ya rayu saboda kowa zai iya shiga.

Abin dariyar shi ne baitocin ba su da alaƙa da murna ko kaɗan. Jack ya ce a kan tsegumi ya rubuta ta, mutum ne da gulmar gari ta ishe shi har yana tunanin barin garin. Kuma sun sha tsegumin, don sun daɗe suna ce wa duniya su wa da ƙanwa ne, alhali mata da miji ne da suka rabu a 2000, shi ne ma ya ɗauki sunan gidansu. Waƙar mai gudun jama'a ta zama waƙar taron jama'a, aka zubar da baitocin aka riƙe sautin. Jack bai ji haushi ba, ya nuna abin alfahari ne a gare shi mutane su rera ba tare da sun san inda ta fito ba.

Inda ya ja layi shi ne siyasa, kuma ina bayansa. 'Yan kallo su ɗauka don kansu daban, ɗan takara ya liƙa ta a bidiyon kamfe kamar masu ita suna tare da shi daban. A Birtaniya jama'a da kansu suka sa sunan Jeremy Corbyn, shugaban jam'iyyar Labour na lokacin, a kan sautin a 2017, babu wanda zai hana taro buɗe baki. Amma da aka sa ta a bidiyon goyon bayan Donald Trump a 2016, Jack da Meg sun fito sun nesanta kansu, duk da ƙungiyar ta watse tun 2011. Da aka maimaita a 2024 suka kai ƙara kotu a watan Satumba, sai dai sun janye ta a Nuwamba bayan an gama zaɓe.