Yadda kwale-kwale ya hana ni shiga gidanmu

Jama'a ina da wata tsohuwar Hiace 'yar Beljiyam da na cire mata kujerun baya na shimfiɗa katifa, na sa fanka da kula da ɗan risho, ta koma ɗaki mai taya. Saman kuwa sola da tankin ruwa sun cinye shi kaf. To sai ga wani masunci a bakin kogin Galma nan Zariya zai saida kwale-kwalensa na katako, ni kuma dama na daɗe ina mafarkin in faka a gefen dam ɗin Kubanni da ke Samaru in jefa fatsa, in kwana a motata kamar Bature. Tunda sama ba wuri sai na ce a rataye shi a gefe, menene a ciki?

Na nufi wajen wani mai walda a Tudun Wada. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa ya ce Alhaji wannan fa falle ɗaya ne, in na sa mata wuta hujewa za ta yi, sai dai a lalubo inda haƙarƙarin ƙarfen yake a huda, a sa bol da noti da faranti ta ciki ya riƙe nauyin. Na ce Oga yi abin da ya dace. Ya yanko angil ayon ya haɗa hannuwa biyu masu lanƙwasa, ya naɗa musu tsohuwar tayar mashin don kar su ci katakon, yaronsa na ta huda mini mota da dirila ni kuma duk huji ɗaya sai na ji shi har cikin haƙorina. Aiki ya yi kyau wlh, ba ƙarya. Ƙarti huɗu suka ɗaga jirgin, don katakon da ya sha ruwa nauyinsa ba na wasa ba ne, aka ɗaure da bel, motar ta ɗan karkata dama ta tsaya a haka.

Sai da na zo ɗauko kuɗinsa a ƙarƙashin katifa muka ga ashe jirgin ya kwanta daidai kan ƙofar da ake zugewa. Ba ta buɗuwa. Ya ce ai ni na nuna masa ɓangaren, na ce to kai da ido me kake yi da shi, ya ce in an mayar hagu madubina na direba zai toshe, kuma sabbin huji ne da sabon kuɗi. Ta but na shiga da rarrafe na ɗauko.

Saboda rana na lulluɓe jirgin da koren tamfol na kama hanyar Birni. Tun daga Ƙofar Doka na lura mutane na kallona wani iri, masu Keke na ba ni hanya, abin da ba su taɓa yi ba tunda nake tuƙi a garin nan. Wani dattijo a majalisa ya miƙe tsaye yana salati. Ashe dogon abu a lulluɓe da koren mayafi, mota na tafiya sannu-sannu a karkace, kowa ya ɗauka makara ce. Har wani ɗan acaɓa ya matso ta taga ya ce Allah ya ji ƙan rai Baba, wace maƙabarta za a kai? Na ce amin kawai, bayani zai yi tsawo.

Lungunmu kuwa dama da ƙyar motar ke shiga ko ba komai a jikinta, sai na naɗe madubi. Ranar na manna kai da bismillah, sai ji na yi ƙurrr, hancin jirgin ya kafe a katangar maƙwabcina ta ƙasa ya ɓantaro yaɓe, gaba ta ƙi baya ta ƙi. Ƙofata ta direba ta manne da ɗaya katangar, na sake fita ta but yara na ihu suna tambaya ko ambaliya za a yi. Maƙwabcin ya fito da buta a hannu zai tafi la'asar, hanya a toshe, ya dubi katangarsa ya dube ni ya ce Malam ina kogin yake? Maman yara ta leƙo daga zaure, ko uffan ba ta ce ba, ta koma. Na fi son da zagina ta yi.

Samarin unguwa suka kwance shi suka tsallaka da shi ta saman mota zuwa tsakar gida, na biya su na biya magini. Masuncin kuma ya bugo waya yana jaddada mini kar in bari katakon ya bushe, zai tsage ya riƙa yoyo, in dinga zuba masa ruwa. Yanzu kullum sai na sayi ruwa wajen 'yan garuwa na cika shi, agwagin Maman yara na iyo a ciki, mai walda kuma na ta fulashin yana neman cikon kuɗinsa.