Karatun yara a gida: har shekara shida na yarda, daga nan sai da sharaɗi

Ƙarfe bakwai saura na safe, a bakin layinmu a Kano, akwai mai adaidaita sahun da ke kwasar yara zuwa makaranta. Nakan ƙirga su idan na fito sayen ƙosai: tara, wata rana goma sha ɗaya. Ƙaramin cikinsu bai wuce shekara uku ba. Jakarsa ta kusa kai shi tsawo, kuma kusan kullum kansa na jingine a kafaɗar yayarsa, barci yake shara. Ba zai dawo ba sai bayan azahar, a ɗura masa abinci, a sake masa kaya, sai Islamiyya har dab da magariba.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da na fara jin iyaye, galibi mata masu ilimi, suna tambayar juna me zai hana su koya wa 'ya'yansu da kansu. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, iyaye da yawa suka zauna da yaransu wata da watanni, suka gano cewa wanda ake biya wa kuɗin zango uku a shekara bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Sai ga satar ɗalibai: Ƙanƙara a ƙarshen 2020, Kagara da Jangebe da Tegina a 2021, Kuriga a 2024. Na Tegina ma ƙananan yara ne 'yan Islamiyya. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, kuɗin makaranta da na mota suka tashi tare, albashi kuwa a lokacin yana nan inda yake.

A ƙasashen da tsarin ya yi suna ma ba a taru a kan magana ɗaya ba. Amurka ta halatta shi a duk jihohinta 50, kuma ƙididdigar hukumar ƙidayar ƙasar ta nuna gidajen da ke koyar da yara a gida sun tashi daga kusan kashi 5 cikin 100 zuwa kashi 11 a cikin shekarar 2020 kaɗai. Dokar Ingila ta 1996 ta ɗora wa iyaye wajibcin ilimantar da yaro, a makaranta ko ta wata hanya. Jamus ta haramta shi. Faransa, inda karatu ya zama tilas tun daga shekara uku, ta ƙara ƙuntata shi: daga 2022 sai an nemi izinin hukuma, an kuma kawo dalili.

Mu kuwa karatu a gida ba baƙonmu ba ne. Da yawanmu a zauren gida muka fara biya Fatiha, wasu a gaban kaka. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru ne domin ilimi ya iske mata har cikin gidajensu, ta hannun malamai mata da ta horar, waɗanda ake kira jaji. Amma a lura, ko zaure ko 'Yan Taru, taro ne. Akwai malami, akwai ɗalibai daga gidaje daban-daban, akwai na sama da ake komawa wurinsa. Ba uwa ɗaya ba ce a ɗaki da ɗanta, ƙofa a rufe.

Na ga amfanin abin da idona a gidan ƙanwata. Ta yi karatun koyarwa, amma ba ta aiki. Da ɗanta na fari ya kai shekara uku, ta ƙi kai shi nazare. Dangi suka yi ta surutu, har da ni. Bayan karin kumallo takan shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta zube murafan kwalba da ƙwayoyin wake. “Abba, ba ni bakwai. To, na cinye biyu, saura nawa?” Ba sa wuce awa ɗaya. Da Hausa ta fara masa karatu, ba, bi, bu, kamar yadda aka fara wa iyayenmu, domin Hausa yadda ake faɗarta haka ake rubuta ta, yaro kuma ya riga ya san ma'anar kalmar da yake haɗawa. Kafin ya cika biyar yana karanta rubutun jikin buhun shinkafa da na bayan motoci. Sa'anninsa da ke nazare kuwa suna rera waƙar tuffa da Turanci, murya ɗaya, ba su san me suke faɗa ba.

Don haka ga ƙaramin yaro, daga haihuwa zuwa shekara shida, ina tare da masu cewa a bar shi gida idan akwai mai koya masa. Yana samun barcinsa, yana tambaya a amsa masa nan take, ba ya jin tsoron bulala kafin ya san daɗin karatu. Yawancin nazare-nazaren da suka cika unguwanninmu, a gaskiya, wurin ajiyar yara ne da aka ɗinka wa yunifom.

Sai dai wanda ya ga tabarmar nan sau ɗaya bai ga komai ba. Ƙanwata ta haifi na biyu, sannan na uku. Ga girki, ga wanki, ga baƙin da ba sa sanarwa, ga suna yau biki gobe, ga uwar miji da ta zo jinya ta yi wata biyu. Makaranta ba ta tashi don an yi baƙi. Tabarma kuwa naɗe ta ake yi. Akwai lokacin da aka yi sati uku ba a zube waken nan ba. Maigidan, wanda ya fi kowa yabon tsarin a majalisa, yakan fita tun safe ya dawo bayan isha'i. A bakin maza abin sunansa “muna koya musu a gida”, amma mutum ɗaya ke yin aikin, ba albashi, ba hutun zango, kuma idan yaron ya gaza ita za a nuna.

Masu sukar tsarin a Turai da Amurka sun fi damuwa da cewa yaro zai tashi ba abokai. A gidan yawa na cikin birni wannan ba matsala ba ce. Yara ma sun yi yawa. Amma a sababbin unguwanni masu dogayen katangu, inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, yaro na iya wuni daga shi sai waya. Kuma akwai abin da tsakar gida ba ta bayarwa ko da ta cika: zama kan benci ɗaya da ɗan wata ƙabila ko wani addini, jiran layi, bin umarnin babban da ba danginka ba. Sau da yawa malamar aji ce ke fara lura yaro ba ya ganin allo, ko kunnensa ɗaya ba ya ji, ko akwai shatin duka a bayansa da ba na wasa ba.

Babban abin da ke hana ni tafa wa tsarin gaba ɗaya shi ne halin da muke ciki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye tura yaro firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, har da hukunci ga wanda ya ƙi, ko da yake ba kasafai ake jin an hukunta kowa ba. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yaran Najeriya fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. A irin wannan ƙasa, duk kalmar da za ta ba uba uzurin ajiye yaro a gida sai an yi kaffa-kaffa da ita. Yarinyar da ke yawo da farantin talla ƙarfe goma na safe, gobe mahaifinta zai iya cewa shi ma a gida ake koya mata. Wa zai ƙaryata shi? Mai digiri biyu da ɗakin littattafai da sola zai ci riba, 'yar talaka kuma ta biya kuɗin.

Idan har za a buɗe wannan ƙofa ga yaran da suka kai shekarun firamare, to a sa mata mai gadi. Iyaye su yi rajistar yaron a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Sau ɗaya a shekara a kawo shi makarantar gwamnati mafi kusa, ya karanta shafi ɗaya a bayyane, ya yi lissafin ajinsa. Wanda ya kasa sau biyu a jere, a mayar da shi aji. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, ba sa buƙatar sabon gini don wannan, malami ɗaya da rajista ɗaya sun isa.

Ƙanwata dai ta sami tata mafitar. Ita da maƙwabtanta uku suka haɗa yaransu bakwai, kowace ta ɗauki rana, ranar Alhamis kuma wata malama mai ritaya ta zo ta duba abin da aka yi, su haɗa mata kuɗin mota da ɗan alheri. Idan ɗaya ta yi baƙi, sai a ɗauki tabarmar a koma gidan ta kusa. Bana Abba ya cika shida, ta sa shi aji ɗaya a wata firamare da ke bayan layinsu. Da ƙafa yake zuwa, ƙarfe takwas saura kwata.